Ruwan Tsofaffin Ramukan Ma'adinai: A Gwada, A Nemi Izini



Maganar da za mu yi yau ita ce ta ruwan nan da yakan kwanta cikin ramukan da masu haƙar ma'adinai suka bari. Idan rani ya tsananta, rafuka suka ƙafe, sai mai lambu da makiyayi da uwargida duk su zuba wa ruwan nan ido. Gwamnatin Tarayya ba ta ce haramun ne ba. A ƙasar Jos, manoma sun daɗe suna ban ruwa da kududdufan da haƙar kuza ta bari, suna samun tumatir da kabeji da karas. Amma fa ba kowane rami ne ke da ruwa mai lafiya ba.

Inda aka haƙi zinariya, sau da yawa akan sami dalma gauraye da dutsen. Gubar dalma kuwa ba ta da launi, ba ta da wari, kuma tafasa ruwa ba ya kawar da ita. A shekarar 2010 mun gani da idonmu: yara fiye da 400 suka rasu a ƙauyukan Jihar Zamfara, irin su Dareta da Bagega, inda ake niƙa dutsen zinariya a cikin gidaje, ana wanke shi a tafkuna. A 2015 kuma, nan Jihar Neja, gubar ta kashe yara 28 a yankin Shikira na Ƙaramar Hukumar Rafi. Gani ga wane, ya ishi wane tsoron Allah.

Saboda haka ne doka ta gindaya sharuɗɗa. Dokar Albarkatun Ruwa ta 1993 ta yarda mutum ya ɗebi ruwa don amfanin gida da shayar da dabbobinsa, amma mai son janyo ruwa da inji don kasuwanci lalle ne ya nemi lasin. Doka mai lamba 86 ta 1992 ta ce kada a fara wani babban aiki sai an bincika illarsa ga muhalli, Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya ta amince. Dokar Ma'adinai ta 2007 kuwa ta wajabta wa mai haƙa ya sami takardar izinin amfani da ruwa, ya kuma gyara wurin bayan ya gama. Hukumar NESREA, wadda aka kafa a 2007, ita ke sa ido kada a malalo da gurɓataccen ruwa cikin kogi.

To, ga abin da muke roƙo. Duk ƙungiyar da ke son yin lambu ko kiwon kifi da irin wannan ruwa, ta fara sanar da dagaci da duba-gari. Su kuma su kai maganar ga ma'aikatar muhalli ta jiha, a ɗebi ruwan da laka ta ƙarƙashinsa a gwada, da damina da rani. Kafin sakamako ya fito, kada a sha, kada a ba dabba, kada a bar yara su yi wanka a ciki.

Izinin nan kariya ce ga 'ya'yanku. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya ba mu lafiya da zama lafiya, amin.