Duwatsun Murhu Uku: Zuciya da Hanta da Ƙoda

Yau maganarmu a kan ciwon kumburi ce, da abin da ya wajaba ga mai jinya idan an kwantar da ɗan'uwansa a asibiti.

Kun san tukunya a kan duwatsu uku take zama. In ɗaya ya goce, sauran biyun ba su iya riƙe ta. To, haka zuciya da hanta da ƙoda suke. Zuciya tana tura jini kimanin lita 5 a kowane minti, kashi ɗaya cikin biyar kuwa ƙoda yake tafiya a tace shi. Idan zuciya ta raunana, jinin da ke isa ƙoda ya ragu, sai ƙoda ta riƙe gishiri da ruwa, fitsari ya yi kaɗan. Jini kuma ya taru a hanta har ta kumbura. Sa'an nan ƙafafu su kumbura, ciki ya ɗauki ruwa, mutum ya kasa barci sai a zaune saboda haki.

Wannan ba sammu ba ne. Hawan jini yana kawo shi, yana kuma kama masu jego, kamar yadda likitocin Zariya suka bayyana tun shekarun 1970. Ku mutanen Gawuna, Asibitin Nassarawa, watau Asibitin Muhammad Abdullahi Wase, yana kusa da ku. Kada ku jira sai numfashi ya gagara.

Aikin likita a nan kamar na mai awo ne. In ya ba da maganin sa fitsari da yawa, ƙoda ta wahala. In ya ba da kaɗan, ruwa ya cika huhu. Don haka ake ɗibar jini akai-akai, ana auna nauyin majinyaci kowace safiya, gama lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. In ƙoda ta tsaya, akwai wankin ƙoda a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano.

To, kai mai jinya, ga naka aikin. Tara fitsarinsa a mazubin da aka ba ka, kada ka zubar sai an auna. Kada ka ba shi ruwa fiye da yadda aka ƙayyade. Kada ka kawo kunun kanwa, ko miya mai yawan gishiri da dunƙule, gama su ne ke riƙe ruwa a jiki. Kada ka ɓoye jiƙo a ƙarƙashin gado, ko ƙwayar ciwon jiki irin su diclofenac, suna iya ƙarasa ƙodar da ta gaji. In ya riga ya sha, faɗa wa likita gaskiya. In ka ga idonsa ya yi rawaya, ko ya fara sambatu da yawan barci, kira ma'aikaciyar jinya nan da nan.

Tausayi na gaskiya shi ne bin umurnin likita. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin. Sai mako mai zuwa.