Abin da Mai Lambun Tumatir Zai Karanta

Wannan shi ne jawabin da wani malamin gona ya yi wa ɗaliban ajin manya masu noman rani a yankin Kadawa, bayan sun roƙe shi ya faɗa musu littattafan da za su taimake su a lambu.

Malamin ya ce littafi na farko yana hannunsu tuntuni, wato rubutun da ke jikin gwangwanin iri da kwalbar magani. A jikin gwangwani ake rubuta sunan iri, ko Roma VF ne ko UC82B, da ranar da zai daina aiki. Wanda bai duba ba yakan yafa tsohon iri, ya yi mako biyu yana ban ruwa babu tsiro, ga lokacin dashe yana wucewa.

Ya fi daɗewa a kan kwalbar magani. Akwai launi a gindin takardarta: ja ya fi dafi, sai rawaya, sai shuɗi, kore ne mai sauƙi. Takardar tana nuna yawan maganin da za a zuba a tankin feshi, da kwanakin da za a jira kafin a tsinki tumatir. Wanda ya yi feshi yau ya tsinka gobe, in ji shi, 'ya'yansa ne za su fara shan miyar. Ya tuna musu da shekarar 2016, lokacin da tsutsar da manoma ke kira Sharon ta cinye lambuna a Kano da Kaduna. Mutane suka yi ta ninka magani, kuɗi ya ƙare, ita kuwa tana ɓoye cikin ganye. Yawancin rubutun da Turanci yake, saboda haka a kai wa malamin aji ya fassara. Kwalbar da ba ta da lambar NAFDAC a bar wa mai ita.

Game da littattafai, ya ce cibiyar NAERLS da ke Samaru, Zariya, tana buga ƙananan littattafan noma, wasu da Hausa, kuma ana iya tambaya a ofishin KNARDA. Ya ja kunnensu kan littattafan Turai, domin lokacin shukarsu daban da namu. A nan ana so tumatir ya yi fure cikin sanyin hunturu, don zafin bazara yana kakkaɓe furen.

Daga nan ya ce kowa ya sayi littafin rubutu, ya riƙa sa ranar yafi da ta dashe, da kuɗin taki, da farashin kwando a Kwanar Gafan.