Baƙuncin Ɗalibi a Birnin Landan



An nemi in yi magana a kan zaman ɗalibin da ya bar gida ya tafi wata ƙasa neman digiri na biyu ko na uku. Da yake wasunku na riƙe da takardun tafiya, wasu kuma an ba su hutun ƙaro ilmi, na ga ya fi kyau in faɗi abin da idona ya gani a Landan, inda na sauka a watan Satumba na 2014. Hanyar ba sabuwa ba ce. Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa ya bi ta a 1945, Malam Aminu Kano ya biyo baya a 1946, dukansu zuwa Cibiyar Nazarin Ilmi ta Jami'ar Landan. Duk da haka, baƙo ko da ido makaho ne.

Abin da ya fara gigita ni shi ne rana. A ƙasarmu tsawon yini bai cika sauyawa ba. A can kuwa, cikin Disamba, rana ba ta fitowa sai wajen ƙarfe 8 na safe, kafin ƙarfe 4 na yamma ta faɗi. Watau Azahar da La'asar da Magariba duk su auku cikin awa 4. Da azumin 2015 ya zo cikin Yuni, sai muka riƙa kai awa 18 da ɗoriya ba mu sha ruwa ba. Wanda bai ɗaure kansa da agogo ba, duhu zai kashe masa jiki, mako ya shige bai rubuta shafi ɗaya ba.

Abu na biyu shi ne zama da malami. Tarbiyyarmu ita ce almajiri ya durƙusa, a biya masa, ya tashi. Ranar da na fara ganawa da malamar da ke duba aikina, ta ce in riƙa kiranta da sunanta kawai, ba Farfesa. Harshena ya ƙi. Ta nemi ra'ayina a kan wani littafi da ya yi nazarin waƙar baka, na sunkuyar da kai don ladabi, ita kuwa ta ɗauka ban karanta ba. Wata 3 muka yi a haka. Hatsarin kuwa babba ne, domin a Ingila akan gwada ɗalibin digiri na uku wajen ƙarshen shekararsa ta farko, in bai gamsar ba, ba za a bar shi ya ci gaba ba. Wani Bahaushen Kumasi da ya riga ni zuwa shi ya ja mini kunne, ya ce a nan ɗalibin da bai ja da malaminsa da hujja ba, ba a ganin ya soma karatu. Daga ranar na gane ana iya musu cikin lafazi mai taushi, ladabi kuma bai zube ba.

Na uku shi ne kaɗaici. Mu da gaisuwa kan kai mu ga tambayar iyali da gajiya da sanyi, sai ga ni cikin jirgin ƙarƙashin ƙasa, kafaɗa na gogar kafaɗa, ba mai ce wa wani sannu. Ga kuɗin guzuri sun makara, ga mai ɗaki ba ya jiran gobe. Abin da ya riƙe ni shi ne sallar Juma'a a masallacin Whitechapel, da kasuwar Peckham, inda ake samun kuɓewa da busasshen kifi. Amma ina gargaɗinku, kada zaman 'yan gida ya zame muku kurkuku. Wata ɗaliba 'yar Kenya mai nazarin waƙoƙin Sawahili da aka rubuta da baƙaƙen Larabci, ita ta sa na sake duban ajaminmu da sabon ido, har babi guda na kundina ya fito daga hirarmu.

A ƙarshe, ku tuna da dukiyar talakawa za a kai yawancinku. Kafin ku tashi, ku nemi wanda ya zauna a garin ku tambaye shi kuɗin haya da tsananin sanyi da halin malamai, domin matambayi ba ya ɓata. In abu ya cije, ku faɗa wa malaminku tun da wuri, kada kunya ta ci ku har shekara ta ƙare. Allah ya kai ku lafiya, ya dawo mana da ku da abin da kuka je nema.