Kalmar Sirri Daidai, Ƙofa a Rufe: Lacca Kan Matsalar Izini a Linux

 

Batun da aka ɗora mini ƙarami ne a ido, amma duk wanda ya daɗe yana aiki da Linux ya san zafinsa. Mutum ya kunna kwamfuta, allon shiga ya bayyana, ya rubuta kalmar sirrinsa ba kuskure. Allo ya yi duhu na ɗan lokaci, sai ga shi an dawo da shi inda ya fara, ana sake tambayarsa kalmar sirri. Ya sake, a sake dawo da shi. Wani kuma ba ya amfani da allon shiga, umarnin startx yake rubutawa, sai rubutu ya zubo masa, a ƙarshensa an ce "Permission denied". Daga nan ne ake jin "Malam, injin ya lalace, sai an yi masa fomat."

Matsayina a kan wannan shi ne: galibi injin lafiyarsa ƙalau. Wani fayil ne ya faɗa hannun wanda ba mai shi ba. Kuma maganin da mutane suka fi saurin rarumowa, wato sudo, sau da yawa shi ne ya haddasa ciwon tun farko.

Sai mun ɗan koma baya kafin abin ya fito fili. Tsarin Unix, wanda Linux ya gaji ɗabi'unsa, Ken Thompson da Dennis Ritchie suka fara shi a Bell Labs ta Amurka a 1969, a zamanin da kwamfuta ɗaya jama'a da yawa ke rabawa. Don haka tun daga tushe kowane fayil yana da mai shi, yana da rukuni, sannan akwai sauran jama'a, kuma kowanne daga cikin ukun an rubuta abin da aka yarje masa. Karantawa lambarta 4, rubutawa 2, gudanarwa 1. In ka ga 600, mai fayil ne kaɗai ke karantawa ya rubuta. In ka ga 755, mai shi yana da komai, saura su duba su wuce. Abin da ɗalibai ke yawan mantawa shi ne tsarin bai san sunanka ba. Lamba ya sani. A Ubuntu da Debian mutum na farko da aka buɗe wa asusu lambarsa 1000, na biyu 1001, shi kuwa root, asusun mai iko da tsarin duka, lambarsa 0, ba a tambayarsa izini.

Ita kuma fuskar aiki mai hotuna, da tagoginta da linzaminta, daga baya ta zo. An fara tsarin X a jami'ar MIT a 1984, siga ta 11 ta fito a 1987, ita ce har gobe ake kira X11. Sabar X ita ke riƙe da allo da madannai da linzami, manhajoji kuma su zo su roƙe ta ta zana musu taga. Tunda duk abin da ka danna ta hannunta yake bi, har da kalmomin sirri, dole ta tantance mai zuwa wurinta. Hanyar da aka fi amfani da ita ita ce lambar sirri mai bit 128, da ake ƙirƙira duk lokacin da aka buɗe zama, a ajiye kwafinta a wani ɓoyayyen fayil mai suna .Xauthority a cikin foldar gidanka. Duk manhajar da ta kasa karanta wannan fayil, X ba za ta saurare ta ba.

To, ga yadda ake faɗawa rami. Wani abu ya ƙi aiki, ɗalibi ya tuna an ce masa sudo, umarnin da ke ba da ikon root, yana buɗe komai, sai ya rubuta sudo startx, ko ya buɗe manhajar duba fayiloli da sudo. Shekaru da dama Ubuntu tana barin sudo ya riƙe foldar gidan mai amfani a matsayin gida, sai a siga ta 19.10 aka daina. Sakamakon riƙe gidan, root ya shigo gidanka ya rubuta sabon .Xauthority da sunansa, ya sa masa 600. A ranar komai ya tafi daidai, har ɗalibin ya ji ya iya. Washegari manhajar allon shiga, musamman LightDM, ta karɓi kalmar sirrinsa, ta koma matsayinsa na lamba 1000, ta je rubuta sabuwar lambar sirri, ta tarar fayil ɗin na lamba 0 ne. Zaman ya mutu tun bai fara numfashi ba, aka mayar da shi bakin ƙofa. Garin neman gira an rasa ido. Haka ma yake faruwa da .ICEauthority, da foldojin .cache da .config da .local. Wata manhajar allon shiga, GDM, ta ɗan tsira daga wannan, domin ita a ƙarƙashin /run/user take ajiye nata fayil ɗin, amma in root ya mallake .config ko .local, ita ma za ta iya yin tuntuɓe.

Gyaran bai kai minti biyu ba, in an san inda za a duba. A danna Ctrl da Alt da F3 tare, baƙin allo zai fito, a shiga da suna da kalmar sirri. Shigar nan kanta shaida ce: asusun yana nan, kalmar sirri daidai take, matsalar tana wajen tayar da fuskar aiki. Sai a rubuta ls -la a duba layin masu mallaka. A gidanka, sunanka ya kamata ka gani daga sama har ƙasa, in ban da layin ɗigo biyu, wanda ke nufin foldar da ke samanka. In ana son a tattaro duka lokaci guda, umarnin find ~ ! -user $USER zai zaƙulo duk abin da ba naka ba. Sannan a mayar da mallaka da sudo chown, a ambaci sunanka da sunan fayil ɗin. Shi .Xauthority ma ana iya goge shi kawai, za a ƙirƙiri sabo. A nan sudo ya halatta, domin root ne kaɗai ke iya sauya mai fayil. Ina dai jan kunne: a karanta layin sau biyu kafin a danna, musamman in an haɗa da -R. Tazara guda da ta shiga tsakanin / da home ta isa ta sa umarnin ya bi tsarin gaba ɗaya.

Ma'aikatan ɗakunan kwamfuta, akwai wani nau'in wannan da ku kuka fi gamuwa da shi. An sake girka Linux a kan injin, an bar sashen /home yadda yake don kada ayyukan ɗalibai su salwanta. Mai girkawa ya fara buɗe asusunsa, ya ɗauki 1000, sannan ya buɗe na mai injin, ya faɗa 1001. Suna iri ɗaya da na da, lamba daban. Duk fayilolin gidan sun zama na wani. Umarnin id zai faɗa maka lambarka, ls -ln kuma ya nuna lambar da ke kan fayiloli, a kwatanta. Haka wanda ya kwashe gidansa ya zuba a filashi mai tsarin FAT32 ko exFAT ya dawo da shi: waɗannan tsare-tsare ba su da wurin ajiye mai fayil ko izininsa, bayanin ya zube a hanya. In za a yi irin wannan ƙaura, a naɗe kayan da tar.

Wuri na biyu da nake dubawa shi ne /tmp. Ku ɗauke ta kamar tsakar gidan haya: kowa yana da ikon ajiye bokitinsa, amma ba wanda ke da ikon ɗauke na wani. Lambarta 1777. Wannan 1 na gaba shi ne ke hana ɗaukar kayan wani, sauran kuma su ba kowa damar ajiyewa. A nan X ke kafa mahaɗarta, cikin foldar .X11-unix. Ya isa a ce wani ya kwance naɗaɗɗen fayil a cikin /tmp yana matsayin root, izinin foldar ya koma 755, shi ke nan babu mai iya shiga fuskar aiki sai root. A duba da ls -ld /tmp. In ba a ga harafin t a ƙarshen jerin izinin ba, sudo chmod 1777 /tmp ya gama magana.

Akwai kuma saƙon da ke cewa masu zaune a gaban injin ne kaɗai aka yarda su tayar da X, ko wanda ke cewa an kasa buɗe /dev/tty0. Wannan yana da tarihi. Shekaru masu yawa sabar X da ikon root take gudana, ta hanyar dabarar setuid da Ritchie ya ƙirƙiro, domin tana taɓa na'urar zane kai tsaye. Babbar manhaja irin wannan da cikakken iko haɗari ce. Daga siga ta 1.16 ta sabar X, wato Xorg, a 2014, aka samu hanyar da za ta gudana da ikon mutum na yau da kullum, manhajar systemd-logind ta riƙa miƙa mata na'urori. Ita kuwa logind tana miƙawa ne ga wanda ya shiga a kan allon injin, kuma zamansa ne ke gaba a lokacin. Wanda ya shigo ta SSH daga wani ɗaki ba ya cikinsu. Wanda ya shiga da asusu ɗaya sannan ya yi amfani da umarnin su ya koma wani, shi ma ba ya ciki, domin allon da yake kai na mutumin farko ne. Ya fita gaba ɗaya, ya shigo da asusun da yake so, sai startx ta tashi. Umarnin loginctl zai nuna wa ke zaune a ina.

Za ku ga ana ba da shawarar a buɗe fayil ɗin Xwrapper.config a cikin /etc/X11, a rubuta cewa kowa ma an yarda masa, kuma a ba X ikon root. Yana aiki, ban musa ba, kuma akwai tsofaffin na'urorin zane da ba su da makawa sai hakan. Amma a Oktoban 2018 an bayyana wata ɓaraka a Xorg, mai lamba CVE-2018-14665, inda mai ƙaramin asusu zai iya amfani da zaɓin -logfile ya sa sabar mai ikon root ta rubuta a kan fayil ɗin kalmomin sirri na tsarin, ya wayi gari shi ne root. An toshe ta a siga ta 1.20.3. A ɗakin da ɗalibai ɗari ke bi ta kan injin ɗaya, ni ba zan buɗe wannan ƙofa don kawai in huta da bincike ba.

Wayland, madadin X, wanda Kristian Høgsberg ya fara a 2008, kuma Fedora ta mayar da shi zaɓin farko a 2016, Ubuntu a 21.04 bayan wani gwaji a 17.10, ya rage wasu daga cikin waɗannan. Amma shi ma yana dogara da foldar /run/user/1000, wadda logind ke ƙirƙira da izinin 700, kuma gurɓatacciyar mallaka a gida tana kayar da shi kamar yadda take kayar da X.

Yanzu ga waɗanda ke zuwa da rigar matsalar izini alhali ba ita ba ce, kuma a nan yanayinmu ya shigo. Na farko cikar faifai. Tsarin ext4 yana keɓe wa root kashi 5 cikin ɗari na sarari. Idan fina-finai da manhajoji suka cinye faifan, kai ba za ka iya rubuta ko ɗan fayil ɗin lambar sirri ba, root kuwa yana da sauran wuri. Sai mutum ya ga da sudo abu yana tashi, ba sudo ba ya tashi, ya rantse izini ne. Umarnin df -h zai warware gardamar. Na biyu ɗaukewar wuta. Injin tebur da ba shi da batirin ajiya, in wuta ta yanke yana tsakiyar rubutu, tsarin fayiloli na iya samun rauni, Linux kuma ta mayar da shi na karatu kawai don ta kare abin da ya rage. A lura da saƙon: hana izini kuskure ne mai lamba 13, faifan karatu kawai kuwa lamba 30, kuma maganinsa fsck, chmod ba zai taɓa shi ba. Wani lokacin kuma ragowar fayilolin kulle ne, .Xauthority-c da .Xauthority-l, suka kwana a gida, manhajar xauth mai rubuta .Xauthority ta yi ta jira har ta gaji. A goge su.

Duk wannan a rubuce yake, in za a karanta. Akwai .xsession-errors a gida, akwai Xorg.0.log a /var/log ko a .local/share/xorg, inda layukan kuskure ke ɗauke da alamar EE, akwai kuma journalctl -b. Tambayoyina ga duk wanda ya kawo mini injin ba sa sauyawa: wane fayil aka hana, wa ya nema, na wane ne, kuma me ka yi da sudo jiya? In hanyar fayil ɗin doguwa ce, namei -l zai bi ta folda bayan folda ya nuna inda aka tare.

Sai chmod 777, wanda na san wasunku sun haddace kamar lambar wayarsu. A kan fayil ɗin lambar sirri, ka ba duk mai asusu a injin damar leƙa allonka da karanta abin da kake dannawa. A kan gida, SSH zai daina karɓar makullanka. In kuwa aka sake shi da -R a kan tsarin duka, sudo kansa zai rasa alamar setuid, ya ƙi aiki, kuma a nan ne maganar sake girkawa ke zama gaskiya. Haka xhost + yake, yana cire tantancewar X ɗungurungum.

Roƙona ga malamai shi ne a koyar da ls -l da id da chown tun kafin a koyar da sudo, kuma a nuna wa ɗalibai sudoedit don gyara fayilolin tsari, maimakon buɗe manhaja mai taga da ikon root. Ku kuma masu kula da ɗakuna, kada ku sa asusun ɗalibai a rukunin sudo, kuma in an kawo muku injin da ke mayar da mutum allon shiga, ku danna Ctrl da Alt da F3 ku duba mallakar fayiloli kafin ku ɗauko filashin girki, domin aikin kammala karatun wani yana cikin wannan faifan.