Shari'ar Malama Benare



Galibinmu mun san ƙasar Indiya ne ta finafinan rawa da waƙa, alhali kuwa a can akwai marubuta wasan kwaikwayo irin su Vijay Tendulkar, wanda ya rayu daga 1928 zuwa 2008 yana rubutu da harshen Marati, ya kuma sa alƙalaminsa wajen tona danniyar da maza ke yi wa mata da sunan kare mutunci.

A wasansa mai suna Shantata! Court Chalu Aahe, ma'ana a yi shiru kotu na zama, wanda aka fara nunawa a 1967, waɗansu 'yan wasa ne suka isa wani ƙauye da sauran lokaci kafin wasansu, sai suka shirya shari'ar raha, suka tsayar da abokiyar tafiyarsu Leela Benare, malamar makaranta mai yawan fara'a, a mazaunin wadda ake tuhuma. Kafin a ankara raha ta rikiɗe ta zama tonon asiri, domin kuwa tana ɗauke da cikin wani shaihin malami mai iyali, Damle, wanda bai ko halarci wurin ba, ba a kuma gurfanar da shi ba. Da ta tashi za ta fita sai ta tarar sakatar ƙofa ta maƙale. Da suka tona cewa akwai kwalbar guba a jakarta, ba a sami ko mutum ɗaya cikin masu shari'ar da ya tausaya mata ba. Alƙalin wasan ya yanke hukuncin a halaka abin da ke cikinta.

Kada mai sauraro ya zaci marubucin yana halatta alfasha ne. Abin da ya tsaya a kai shi ne adalci, domin laifin da mutum biyu suka yi tarayya a cikinsa, in aka ɗora wa mai rauni shi kaɗai, aka kau da kai daga mai muƙami, to wannan zalunci ne tsantsa. Benare kuwa ba ta mutu da maganarta a ciki ba: ta miƙe ta faɗi ƙuncinta, ta ce rayuwarta tata ce, ko da yake Tendulkar ya sa sauran 'yan wasan sun sandare kamar gumaka, ba wanda ya ji ta sai 'yan kallo.

Jama'a, duk ranar da kuka ji ana yi wa wata mace shari'a a bakin titi, ku tambaya ina namijin yake.