Filin Makaranta Amana Ce: Wasa, Gayya da Lambun Yara

(Jawabin da kwamitin ilimi da matasa ya gabatar a babban taron ƙungiya na shekara)

 

Bayan godiya ga Allah Maɗaukakin Sarki da Ya sake tara mu lafiya, muna neman izinin iyayenmu mu yi magana a kan wani abu da kowa yake wucewa ta gefensa kullum, amma ba kasafai ake kawo shi gaban taro ba, wato filin da ke bayan makarantar firamarenmu.

Duk wanda ya yi karatu a nan ya san yadda filin nan yake a da. Yau kuwa ta gabas an ja tubali, ta kudu shaguna sun shigo, wani ɓangaren kuma ya zama juji. Ba mu zo don mu kama sunan kowa ba, domin a gabanmu aka yi, muka yi shiru. Abin da muke tsoro shi ne, idan aka ƙara 'yan shekaru a haka, za a wayi gari yaran garin nan ba su da inda za su yi gudu sai bakin kwalta, tsakanin babura da manyan motoci.

Wani zai ce wasa ne kawai, me ya kai shi zauren manya? To, iyayenmu ba su ɗauke shi da wasa ba. A dandali muka koyi langa, yaro ya kama ƙafa ɗaya da hannu yana tsalle, ya ture abokin hamayya ba tare da ya saki ƙafar ba. A nan aka yi kokawa bayan kaka, 'yan mata suna gaɗa a farin wata, ƙanana suna carafke da 'yar gala-gala. Yaron da aka kayar a gaban jama'a ya tashi ya kaɗe rigarsa ya miƙa hannu, ya koyi wani abu da ba a rubuta shi a allo. Hukumar Lafiya ta Duniya ma shawararta ita ce yaro daga shekara 5 zuwa 17 ya samu aƙalla minti 60 na motsa jiki kowace rana. Da yawa daga cikin 'ya'yanmu yanzu, yatsunsu kaɗai ke samun wannan motsi a kan wayar hannu.

Masu sha'awar ƙwallo kuma ba sa bukatar tuni. A 1985 yaran Nijeriya suka ɗauko kofin duniya na 'yan ƙasa da shekara 16 a ƙasar Sin, bayan sun doke Jamus ta Yamma da ci 2 da nema. A 1996, cikin waɗanda suka ciyo zinare a Atlanta akwai Tijjani Babangida da Garba Lawal, 'yan Kaduna. Ahmed Musa ya taka leda a Kano Pillars kafin ya tafi Turai. Ba muna cewa kowane yaro zai kai can ba, kuma ba ma so iyaye su ɗora rai a kan haka. Amma babu ɗaya daga cikinsu da zai kai inda ya kai da bai sami fili yana ƙarami ba.

Shawararmu ta farko ita ce a auna abin da ya rage, a gaban mai girma Hakimi da wakilin hukumar ilimi ta ƙaramar hukuma, a rubuta, a kafa alama. Cikakken filin ƙwallo tsawonsa mita 105 ne, faɗinsa 68. Ko namu bai kai haka ba, na yara ba sai ya kai ba. Katanga ta fi ƙarfin asusunmu a bana, wannan ma'aji shaida ne. Amma kewayen fili irin wancan mita 346 ne; idan aka dasa itace a kowace mita 5, kimanin itatuwa 70 sun isa. Dogon yaro muke so a layin waje, saboda jure farinsa da inuwarsa, kuma awaki ba su cika damunsa ba idan ya girma. A dasa a watan Yuli zuwa farkon Agusta, lokacin da ruwa ya zauna, kowane dashe a yi masa shingen ƙaya. Wanda ya ga farin 1973 da na 1984 ba sai an yi masa dogon bayani a kan amfanin itace ba.

Wa zai yi wannan aiki? Yaran da kansu, mu kuma muna tsaye a kansu. Kakanninmu sun bar mana gayya: a yi wa mai rauni noma, a yi yaɓen masallaci, a share maƙabarta, babu wanda ya tambayi ladan aikinsa sai fura da kunun da aka kawo. Yau sai ka aiki yaro ya ɗebo wa tsohuwa ruwa ya tsaya yana jiran ko nawa za a ba shi. Laifin ba nasa ba ne. Bai taɓa ganin mun yi wani aiki kyauta ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Muna so kowane yaro daga aji huɗu zuwa shida a damƙa masa itace guda, ya san nasa ne, ya ba shi ruwa har ya kama. Almajiran makarantun allo da ke kewaye su ma a sa su ciki, da izinin malamansu, domin filin nasu ne kamar yadda yake na kowa.

Sai maganar lambu, wadda ita ce ta fi ɗaukar mana lokaci a zaman kwamiti. Waɗanda suka yi firamare a zamanin shirin ciyar da ƙasa na 1976 sun tuna kowace makaranta da gonarta. Sun kuma tuna abin da ya sa yara suka tsane ta: su yi noma cikin rana, a mayar da fartanya abin horon mai laifi, amfanin kuma su ga an ɗora shi a keke an yi gaba da shi. Ba za mu maimaita wannan ba. A kusurwar da ke kusa da rijiyar burtsatse za a yanka fangali, kowane aji da nasa, maza da mata. A fara da abin da ba ya sa yaro dogon jira: alayyafo cikin wata guda ya isa tsinka, kuɓewa kamar wata biyu, ga rama da yakuwa da damina. Zogale a jera shi a gefe, ko reshe aka kafa yana kamawa. Idan sanyi ya kusa a yi renon tumatir da albasa da salak, a dasa su don rani. Takin gida ya wadatar, kuma ba mu yarda yaro ya taɓa maganin feshi ba ko kaɗan.

Abin da aka girbe, kashi ɗaya yara su kai gida, kashi ɗaya a sayar ranar kasuwa. Yaran ne za su riƙe littafin shiga da fita, malamin lissafi ya duba, kuɗin kuma a sayi ƙwallo da raga da igiyar tsalle ta 'yan mata. Yaron da ya san da kuɓewarsa aka sayi ƙwallon nan, ba zai bari a yi wasarere da ita ba.

Akwai wurin da muke da rauni, gara mu faɗa tun yanzu. Dashe da lambu a hutun makaranta suke mutuwa, musamman a watannin Maris da Afrilu. Saboda haka muna roƙon manoman rani na garin nan, da malamanmu da suka yi ritaya, mutum biyu daga kowace unguwa, su ba mu yammacin Alhamis da safiyar Asabar. 'Yan uwa mazauna birane kuma, bokiti da fartanya da butar ban ruwa muke nema a wurinku kafin damina ta faɗi. Takardar rubuta suna tana hannun sakatare a bakin ƙofa, za mu kuma karanta sunayen kafin a tashi.