SAYEN KWAMFUTA DOMIN OFISHIN HAKIMI: DA KAYANTA KO ITA KAƊAI?

Jawabin da Ma'aikacin Watsa Labarai ya yi wa Hakimai da malamansu a Kaugama, ƙasar Haɗejiya

 Na san a cikinku akwai waɗanda suka baro aikin kaka, akwai kuma waɗanda suka zagayo ta doguwar hanya domin ruwa bai gama janyewa daga fadama ba, saboda haka ba zan tsawaita ba. An umurce ni in yi bayani a kan wata tambaya da ta yi ta zuwa ofishinmu, watau in za a sayi kwamfuta irin ta tebur domin ofishin Hakimi, shin a saye ta haɗe da dukan kayan aikinta a kuɗi ɗaya, ko kuwa a sayi ko wanne dabam. Ni yaro ne a gabanku, ban isa in koya muku ciniki ba. Abin da na gani a ofisoshi shi zan faɗa, ku kuwa ku auna.

Da fari ya kamata mu san abin da a ke kira kwamfuta. Allon nan mai haske da ido ya ke fara gani ba shi ne ita ba. Ita ce akwatin ƙarfen da ke gefe, a cikinsa a ke yin aikin, a cikinsa kuma a ke ajiye ko wace takarda da aka rubuta. Allon sunansa monita. Sa'an nan ga kibod, wanda a ke bugawa kamar tafireta, ga kuma ɗan abin nan da a ke ja a kan tebur, maus, wanda waɗansu ke kira linzami. Sunan kuwa ya dace, gama ko wane Hakimi a nan ya san in an ce doki kuɗinsa kaza, sai an tambaya, da sirdi da linzami da likkafa, ko kuwa da ragama kaɗai? Ɗan kasuwa ya kan faɗi kuɗin akwati tsura ta waya, a yi murna an sami araha, sai an je a tarar da sauran tafiya.

Na taɓa zuwa wani ofis, ba zan ambaci gundumar ba. An aiki mutum Kano da kuɗi, shi kuwa don ya rage wa ofis asara ya sayi akwati a wani kanti, ya sayi monita a wani kantin inda ya ga sauƙi. Niyyarsa kyakkyawa ce. Da ya iso gida aka zo haɗawa, sai bakin waya ya ƙi shiga. Kafofin da a ke haɗa akwati da monita iri iri ne, akwai VGA mai shuɗin kai, akwai HDMI, akwai DisplayPort, kuma na biyun nan na ƙarshe sun yi kama da juna a ido amma ɗaya ba ya shiga ramin ɗaya. Aka lulluɓe kaya da ƙyalle har mako shida kafin a sami mai zuwa birni. Da aka samo wayar da ta dace aka kunna, sai ga layuka suna rawa a allo. Mai akwati ya ce laifin monita ne, mai monita ya ce laifin akwati ne, ba wanda ya karɓi kayansa. A wannan wata da rabi malamin ofis da hannu ya yi ta kwafe sunayen mutanen da ruwa ya ci gonakinsu, ga na'ura a gabansa.

To, a kan waɗannan huɗu, akwati da monita da kibod da maus, shawarata ita ce a saye su a hannu ɗaya, a rasit ɗaya, kuma a haɗa su a kunna a gaban mai saye tun a kanti. Ko an ƙara ɗan kuɗi, an sayi wanda za a kama in abu ya lalace. Kada a yi cinikin biri a sama.

Yawancin abin da za ku tarar a titin Beirut a Kano ko a kantunan Haɗejiya na hannu ne, waɗanda ofisoshin Turai da Amurka suka gama aiki da su, irin su HP da Dell da Lenovo. Ba aibi ba ne, da yawansu sun fi sababbi masu araha ƙarko. Amma a lura da abu biyu. Wutar ƙasarmu bolt 230 ce, ta Amurka kuwa wajen 120. A bayan waɗansu tsofaffin akwatuna akwai wani ɗan jan makunni mai lamba 115 da 230. In yana kan 115 aka sa shi a wutarmu, ƙara ɗaya za ku ji da warin ƙuna. Na biyu, shekarun na'urar. Kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10 ran 14 ga Oktoba 2025, sai ga wanda ya shiga wani shiri na ƙarin wa'adi, ita kuwa Windows 11 wadda ta fito a 2021 ba ta yarda da tsofaffin na'urori. In ƙwaƙwalwar ta Intel ce, sai ta kasance daga zubi na 8 zuwa sama, wanda ya fara fitowa a 2017. Malami ya duba lambar da kansa: i5-8500 ta shiga, i5-6500 ba ta shiga ba. Na'urorin da ba su shiga ba su a ke kwasowa da yawa a yi musu kwalliya da kibod sabo a cikin leda. Kyan sirdi ba ya rage wa doki shekaru, haƙori a ke dubawa.

Yanzu sai maganar gyara. Kun san in mace ta sayi gero a kasuwa ta kan ce a yi mata gyara, a ƙara mata ɗan abu a kan mudu. Masu sayar da kwamfuta su ma suna da tasu gyarar, su ce ga firinta kyauta, ga lasifika, ga abin rufewa. Lasifikar ba ta cutar da kowa, ba ta kuma amfanar ofis. Firintar ita ce abin tsoro, kuma a nan na ke roƙon ku ku saurare ni da kyau, domin ita ce ke fitar da takardar da Hakimi zai sa wa hannu. In babu ita, duk abin da ke cikin akwati bai kai ga talaka ba.

Firinta iri biyu ce. Akwai mai tawadar ruwa, akwai mai garin tawada, wadda a ke kira leza. Wadda a ke bayarwa gyara kusan kullum mai ruwa ce. Kamfanonin da ke ƙera ta suna sayar da ita da araha ne don su ci riba a kan tawada, kuma kwalbar da ke zuwa da sabuwa galibi ba cike ta ke ba. Kafin a sake tawada sau uku ko huɗu an biya kuɗin wata firintar. Ban da wannan, tawadar ruwa tana bushewa a bakin da ta ke fita in an bar ta ba aiki. Ku tuna da zafin bazara a ƙasar nan, da ƙurar hunturu wadda ke shiga har cikin akwatin tufafi, ku tuna kuma ofishin Hakimi ya kan yi kwana goma bai buga wasiƙa ba sa'an nan rana ɗaya a bukaci takarda ɗari. Ran da a ke bukata ran nan za ta ƙi. Har wa yau, rubutun yawancin tawadar ruwa ya kan baje in damshi ya taɓa shi, mu kuwa takardunmu na iyakar gona da na sulhu tsakanin manoma da makiyaya a aljihu da cikin kwalla a ke ajiye su shekara da shekaru. Garin leza ba ya bushewa, rubutunsa kuma ba ya bajewa. Saboda haka a ce wa ɗan kasuwa ya riƙe gyararsa ya rage kuɗi, a sayi leza mai baƙin rubutu dabam. Kafin a biya a tambaya ko ana samun garinta a Haɗejiya, kada ya zama sai an je Kano ko wane lokaci.

Amma leza tana da nata sharaɗi, tana shan wuta ƙwarai, domin da zafi ta ke manna gari a takarda. Akwati da monita na zamani a aikin ofis ba su cika wuce wat 100 ba, leza kuwa sa'ad da ta ke bugu ta kan ja wat 300 ko fiye. Wannan ya kawo mu ga abin da ba a cika sawa cikin haɗin ba, alhali shi ya kamata a fara lissafawa, watau wuta. Ba sai na gaya muku halin wuta a Kaugama da Marke da Yalo ba. In ta ɗauke farat ɗaya, abin da malami ya rubuta bai adana ba ya tafi, in abin ya yi yawa kuma ma'ajiyar na'urar ta kan lalace. Maganin wannan shi ne wani ɗan akwati mai batir da a ke kira UPS, wanda ke riƙe wuta 'yan mintoci har a adana aiki a kashe. Ba janareta ba ne, kada a zaci za a yini da shi, kada kuma a haɗa masa firintar leza, ba zai ɗauka ba. Ofishin da ke da sola ya fara kiran wanda ya haɗa ta ya faɗi nauyin da inbatarsa ke ɗauka, kafin a tafi kasuwa.

Wani zai ce, me ya hana a sayi ta tafi-da-gidanka, tun da tana da batirinta? Gaskiya ne. Sai dai sunanta ya faɗi halinta. Na ga wadda ta bi malami gida, ta bi ɗansa makaranta, ranar da aka yi wa malamin canjin wurin aiki ta bi shi da takardun gunduma duka.

Ga malamai ina da 'yar magana a kan kibod. Tun shekarun 1930 aka tsayar da haruffa masu lanƙwasa a rubutun Hausa na boko, amma har yau a kan ga wasiƙar ofis an rubuta kasa a wurin ƙasa, an rubuta bata a wurin ɓata. Ba sai an sayi kibod na musamman ba. A cikin Windows akwai tsarin Hausa, a sa mai kanti ya buɗe shi, malami ya buga ɓ da ɗ da ƙ da idonsa ya gani kafin a naɗe kaya.

Akwai abu ɗaya kuma da ba mai haɗa muku shi sai kun nema. Ba wanda ya manta da ambaliyar 2022 a ƙasar Haɗejiya. Littafin takarda in ya jiƙe a kan shanya shi a karanta abin da ya saura. Akwati in ruwa ya shige shi, sai abin da Allah ya yi. Don haka a ɗora shi a kan tebur, ba a ƙasa ba, a kuma sayi 'yar ma'ajiya ta dabam, ko filash biyu, ko wace Alhamis malami ya kwafe aikin mako ya kai wa Hakimi ya ajiye a wani gida. Littafin rajista kuma kada a daina cika shi.

Kuɗin nan na jama'a ne, wata rana mai binciken kuɗi zai tambaya. Kada a karɓi rasit da aka rubuta "kwamfuta saiti ɗaya". A rubuta ko wane abu da sunansa da kuɗinsa da lambar da ke jikinsa, da tsawon garanti, a shigar da su littafin kayan ofis ran da suka iso. In malami bai amince da idonsa ba, ba kunya ba ne ya tafi da wani yaro cikin 'ya'yanmu da suka yi karatun abin a Kwalejin Binyaminu Usman ta Haɗejiya ko Jami'ar Sule Lamido ta Kafin Hausa.

Ranku ya daɗe, na zo da akwati ɗaya da wayoyin nan uku, suna can zaure. In Hakimai sun yi izini, malamai su tsaya bayan sallar Azahar, ko wannensu ya kwance ya haɗa da hannunsa sau ɗaya kafin ya koma gida.